Ɗaya da Ɗaya Goma

"…Da sauƙi, da sauƙi. Tun kina bakin ƙofa na ce miki da sauƙi. Ko so kika yi ki ji an ce babu?"

"Da an ce babu ai da na huta da aike. Ina wuni, Tsoho?"

"Wunin da kika tarar. Shigo, Sifiri, ki daina tare mini haske da wannan kan naki mai kama da tulu."

"Kaina dai da gashinsa. Naka fa? Ƙuda ma in ya sauka sai santsi ya kwashe shi."

Ta shigo da kayan makaranta a jikinta, ta jefa jaka gefen gado, ta jawo kujerar roba ta zauna. Ɗakin yana can ƙuryar gida, inda aka mayar da tsohon tun da aka sallamo shi daga asibiti: gadon ƙarfe, sanda mai ƙafa huɗu jingine da bango, kwalaben magani a jere bisa taga, ga warin man zafi ya kama labule. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kayar da shi. Magana ta dawo, ƙafa tana jan ƙasa, amma hannun dama yana kwance bisa cinyarsa kamar ajiya aka ba shi.

Lissafi ya koyar a ƙaramar sakandare tun yana da baƙin gashi har furfura ta cinye abin da sanƙo ya rage. Yarinyar kuwa jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, tana aji biyu. Tun ranar da ta kawo gida takardar gwaji da ƙaton zobe ja a samanta ya raɗa mata Sifiri, sunan kuwa ya bi ta, har uwarta kan yi suɓutar baki ta kira ta da shi.

"Ina saƙona?"

"Saƙonka ya riga ka tafiya. Mai kantin littattafai sai da ya dafe ciki don dariya. Ya ce littafin nan tun yana ɗan makaranta aka binne shi. Wai in tambaye ka, a takarda aka buga shi ko a jikin dutse aka sassaƙa?"

"Wane mara kunyar ne? Mai tabarau, mai wuya kamar na zalɓe?"

"Shi fa."

"Ni na koyar da shi! Yaron da in ka ce ya raba goma gida biyu sai ya tafi neman wuƙa."

"Ya ce in gaishe ka da jiki. Ya ce har yau kunnensa na hagu ya fi na dama tsawo, kuma aikinka ne."

"Da na san kanti zai buɗe, da na ja ɗayan sun daidaita."

Ta zuge jaka ta ciro wani littafi mai kauri, mai sheƙin bango, ta dangwarar masa a kan bargo.

"An canja manhaja, Tsoho. Mota ta tashi ta bar ka a tasha. Ga wanda muke yi yanzu. Na gaji da yawo kanti-kanti ina cigiyar mamaci."

Ya dubi littafin.

Ba ƙyamar sabon abu ce ta sa ya dage sai tsohon littafinsa ba. Tun da ya farfaɗo a gadon asibiti, sunaye sun dawo masa, fuskoki sun dawo, har waƙoƙin yarinta sun dawo, amma lambobi ba su biyo su ba. Yakan ga bakwai a jikin kwalba ya san ya san shi, kamar tsohon maƙwabcin da ka haɗu da shi a hanya, ka miƙa hannu, sunan ya ƙi zuwa. Da likita ya ce masa ya fara daga ɗari yana zubar da bakwai-bakwai, sai ya ce, "Yaro, ni na koyar da wanda ya koyar da kai." Aka yi dariya, aka wuce gado na gaba. Babu wanda ya sani a gidan.

Ga shi kuma yarinyar ta faɗi lissafi a zangon da ya wuce, makaranta ta ce in ta sake faɗuwa a wannan, aji za ta maimaita. Uwarta ta ce a nemo mai koya mata a gida. Ubanta ya ce ga rijiya a tsakar gida, wa zai tafi neman ruwa a waje? Aka turo ta wajen kakanta. Shi kuwa ya ce ba ya taɓa littafin zamani, a nemo masa nasa. Yana fatan ko ganin shafukan da ya saba da su zai buɗe abin da ya rufe a kansa. Yana kuma sayen lokaci. Makonni sun tafi a haka, jarabawa tana ƙara matsowa.

"Wannan littafi ne ko bulo?" ya ce, yana ɗaga shi da hagu. "Har da hotuna! Lissafi ne ko kalanda?"

"Hotunan don irinku aka sa, waɗanda ido ya fara yaji."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani."

"Ita zuma ba ta zubar da haƙora. Buɗe mu fara. Baba ya ce yau in ban koyi komai ba, ni da kai za a hana abinci."

"Ni ai an riga an hana ni. Abin da uwarki ke kawo mini ba gishiri ba mai, ko akuya sai ta nemi shaida kafin ta ci. Me ke ciki?"

Ta buɗe shafin farko tana bi da yatsa.

"Lambobin da ke ƙasa da sifiri."

"Ƙasa da sifiri? Ashe kina da ƙanne ban sani ba."

"Sai kusurwoyi. Sai faɗin fili da kewayensa. Sai nemo x."

"Ɓata ya yi? A kai cigiya gidan rediyo."

"Tun da na shiga aji biyu ake nemansa. Kullum aka gano shi sai ya sake gudu. Ga shi nan: x biyu, a tara da uku, ya zama goma sha ɗaya. Nemo min shi."

Ta juyo masa shafin. Ya dubi layin. Baƙaƙen suna tsaye cak, kowanne da siffarsa, babu wanda ya ce masa uffan.

"Ina tabarauna?"

"Yana bisa hancinka."

"To haske ne babu. Kin tare taga."

Ta tashi ta yaye labule gaba ɗaya. Ranar la'asar ta kwararo har kan gadon.

"Ga haske nan, har da na maƙwabta."

"Malamin ƙwarai ba ya tauna wa ɗalibi ya zuba masa a baki. Ke za ki nemo."

"Malamin ƙwarai ba ya gumi a kan tambayar aji biyu. Dubi goshinka."

"Maganin nan ne ke sa ni zufa."

"Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara nawa kana tsare ni a bakin ƙofarka, sai na faɗi ninki kafin in shigo? Yau ga ranarka."

"Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi…"

"To hango min x, tunda kana zaune."

Ta yi dariya, shi ma ya ja ɓarin bakinsa mai motsi. Ta ɗauka yanga ce irin tasa, ta ja littafin tana tsallake shafuka.

"Bar wannan, wanda ya fi ba ni haushi zan nuna maka. Malamarmu ta shigo yau ta rubuta a allo wai ɗaya da ɗaya goma ne."

Ta ɗago tana jiran tsawa. Ta san shi: irin wannan magana takan sa ya buga ƙafa, ya ce a kawo masa malamar ya ga takardunta, daga baya kuma ya kwashe da dariya ya bayyana mata sirrin abin.

Tsohon bai yi tsawa ba. A ƙarƙashin bargo ya miƙe yatsa ɗaya na hagu, ya miƙe wani kusa da shi. Yana jin su, yatsa da yatsa. Ya nemi sunan abin da suka zama, sunan yana nan kusa, amma maganar yarinyar ta faɗo a kansa ta dagula ruwan. Wasa take yi masa? Ko kuwa haka abin yake tun fil azal, kansa ne ya juye? Wani abu a can ƙasan zuciyarsa ya ce ya taɓa tsayawa gaban allo ya rubuta wannan da hannunsa, yara suna ihu. Ya kai hannu ga tunanin, ya narke.

"Goma," ya ce a hankali. "Haka ta ce?"

"Haka ta ce."

"To… ai ta sani."

Dariyar ta bar fuskar yarinyar. Ta rufe littafin a kan yatsarta ta zuba masa ido.

"Tsoho."

"Na'am."

"Bakwai sau takwas."

"Ji min 'ya! Ni za ki yi wa jarabawa a ɗakina?"

"Bakwai sau takwas, Tsoho. Wanda ka hana ni shigowa a kansa har na yi kuka."

A tsakar gida ana jin uwarta tana kwankwasa tukunya. Wani mai tallan ruwa ya wuce a lungu yana buga ƙarfe. Tsohon ya buɗe baki.

"Arba'in da…" Ya tsaya. "Sittin…"

Ta jira. Bai ƙara ba.

"Wasa kake yi," ta ce, muryarta ta sirance. "Ka daina, ba na so."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Sifiri." Ya cire tabarau ya ajiye a cinya. "Sun tafi. Tun ranar da na faɗi a banɗaki suka tafi, ko sallama ba su yi mini ba. Ina ganinsu, ba na jin me suke cewa."

"Duka?"

"Wani lokaci ƙananan kan leƙo. In na ce su zauna sai su watse."

Ta miƙe ta je bakin taga ta juya masa baya, tana jujjuya murfin wata kwalba. Da ta juyo, fushi ne a idonta, hawaye yana bin sa.

"Shi ne ka bar ni ina yawo a rana? Kanti nawa na shiga! Ƙawayena duk sun yi nisa, ni ina jiran littafinka. In na maimaita aji, da ƙannen ƙawayena zan zauna, ka sani? Har 'yar gidan tela da nake riƙe wa hannu mu tsallaka titi!"

"Na sani."

"Ka sani, ka yi shiru!"

"Na yi shiru."

Bai kare kansa ba, wannan kuwa ya fi komai tsorata ta. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa jifansa da magana ya bar ta ta faɗi ƙasa ba. Ta dawo ta zauna, ta goge fuska da gefen hijabi, ta ja hanci.

"Ashe dai," ta ce can, tana kallon ƙasa, "mu biyu ne Sifiri a gidan nan."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ke kika gada ko ni na gada?"

"Kai ka kwaikwaye ni. Tsofai-tsofai da kai kana satar amsa."

"To Sifiri da Sifiri nawa ke nan?"

"Kar ka tambaye ni, ni ma ban iya ba."

"Kin ga gidan da aka yi asara. Barewa ta yi gudu, ta dawo tana rarrafe tare da jikarta."

"Barewa? Kai? Kunkuru dai da aka kifar."

"Miƙo littafin nan, mara kunya. Karanta mini na ɗazu, wanda ya ɓata."

Ta karanta. Ya rufe ido. Lambobin ba su zo ba, amma sai ya ji bakinsa yana faɗin abin da ya faɗa wa yara aji bayan aji, maganar tana fitowa da kanta kamar tsohuwar waƙa.

"Ma'auni ne. Layukan nan biyu na tsakiya, su ne sandar ma'auni. Abin da kika cire a wannan kwano, ki cire irinsa a wancan, in ba haka ba kin zama ɓarauniya. Wa ya maƙale wa ɓataccen naki?"

"Uku."

"Kore shi. Ta can ma ki kore shi."

Ta sunkuya da fensir, harshe a waje.

"Saura takwas."

"In kin ce. Su nawa ne ɓatattun?"

"Biyu."

"To tagwaye ne, raba musu daidai kar su yi faɗa."

"Huɗu!" Ta ɗago. "Huɗu ne? Daidai ne?"

Ta manta da halin da yake ciki. Fuskarta a buɗe, tana jiran ya gyaɗa kai kamar kullum. Ya dube ta, ya dubi abin da ta rubuta, ya ji kamar an tambaye shi hanya a garin da bai taɓa zuwa ba.

"Ban sani ba," ya ce.

Ta sunkuyar da kai. Ta juya can bayan littafin inda ake jera amsoshi, ta bi da yatsa, ta tsaya.

"Huɗu ne."

"To madalla da bayan littafi. Ya fi kakanki amfani, kuma ba ya shan magani."

"Ba ya zagi kuma. Sai mu yi haka kullum, Tsoho. Kai ka faɗi maganar, ni in yi lambobin. Ba sai kowa ya ji ba."

Ya so ya ce to. Har ya ga yadda abin zai kasance: ƙofa a rufe, su biyu, gidan yana ci gaba da ce masa Malam. Ya nuna littafin da haɓa.

"Koma wajen ɗaya da ɗayanki. Me aka rubuta a saman shafin?"

"Lissafi a tushe biyu, mai amfani da sifiri da ɗaya kawai."

Ya jira bakinsa ya kama waƙar. Ya jira. Babu abin da ya fito.

"Kin gani? Wannan ko maganar babu. Na kusurwa ma jiya na lalube shi cikin kaina, ban sami ko ƙofar ba. Makaho ba ya jan makaho a bakin rijiya. In ubanki ya dawo ki turo mini shi."

"Me za ka ce masa?"

"Abin da ya kamata in ce tun tuni. Ya nemo miki mai kai."

"Ka san abin da za su yi? Za su fara yi maka magana da ƙarfi, a hankali, kamar jariri. Gwaggo za ta zo ta zauna a nan tana kuka tana cewa Allah sarki. Za su daina tambayarka komai."

"Sun riga sun fara. Jiya uwarki ta tambaye ni ko na gane ta."

"Me ka ce?"

"Na ce wa zai manta da mai wannan miyar?"

Dariya ta ƙwace mata da majina, ta toshe baki.

"Ni dai ba zan daina ba," ta ce. "Kullum sai na tsaya a bakin ƙofar nan na tambaye ka ninki. In ka faɗi, ba fita."

"Dama ina nake zuwa?"

"In ka ci kuma in ba ka alewa."

"Da wane haƙorin?"

"Ka tsotsa. Ai kun saba, kai da jaririn maƙwabta."

Daga waje aka ji ƙarar babur ya tsaya, aka ji ana turo ƙofar gida. Ubanta ne ya dawo daga aiki. Suka dubi juna. Ɗan nan nasa, shi ya koya masa ƙirga da tsakuwa a wannan tsakar gidan, har yau kuma in zai yi alfahari a cikin abokai, da kan ubansa yake yi.

Ya ɗaga hannun hagu zuwa bakinsa ya kama maɗaurin agogonsa da sauran haƙoransa yana ja.

"Me kake yi? Yunwar har ta kai ka cin agogo?"

"Kwance mini, ki bar surutu."

Ta kwance. Tsohon agogo ne mai nauyi, gilashinsa ya sha ƙarce, fatar ta yi baƙi da gumi. Inda ya tashi a hannunsa ya bar farin zobe.

"Riƙe. Naki ne."

"Wannan? Da ke tari kafin ya motsa? Ko ɓarawo ya tsince shi sai ya bi ka da shi."

"Bai taɓa makarar da ni aji ba. Yanzu ni da shi mun daina gaisawa, hannuwansa kawai nake gani suna yawo. Ki shiga jarabawa da shi. Ki riƙa leƙowa kuma kina faɗa mini lokacin magani, kar uwarki ta kashe ni da wuri."

Ta zura shi a hannu, ya zame har gwiwar hannunta. Ta riƙe shi da ɗayan hannun, ba ta ɗago ba.

"Ka sallama ke nan, Tsoho?"

"Na sallama."

"Faɗa da ƙarfi, ban ji ba. Kunnena ya gaji naka."

"Na ce kin ci, ja'ira! Kin kayar da ni, kin kayar da mutumin da ke kwance, sai ki je a yi miki guɗa." Ya yi dariya da rabin bakinsa, dariyar ta sarƙe shi ta koma tari, ya share ido da bayan hannu. "Tashi ki kira shi tun kafin in canja ra'ayi."

Ta tashi ta kai bakin ƙofa, ta tsaya tana riƙe da labule.

"In tsaya tare da kai in ya shigo?"

"Ki tsaya. In na kasa, ke ki faɗa. Bakinki ai ba ya gajiya."

Ta leƙa tsakar gida ta ɗaga murya.

"Baba! Tsoho yana kira. Ka zo da kujera, maganar da tsawo."

Tsohon ya gyara zama, ya ɗauko hannun dama da na hagu ya daidaita shi bisa cinya, ya mayar da tabaraunsa, ya fuskanci ƙofa.